Takalmi biyu da riga uku: yadda na haɗa kayan motsa jikina a Yamai

Shekarata 46, aikin ofis nake yi a Yamai, kuma tun da na bar buga ƙwallo a filin unguwa ban sake yin gudun da ya wuce na tsallaka titi ba. A watan Fabrairun bara likita ya ɗaura mini abin awo a damtse, ya duba, ya sake dubawa, ya ce jinina 15 bisa 9 ne, wato ya hau. Ya ce in rage gishiri, in rage tumbi, in nemi aƙalla minti 150 na motsa jiki a kowane mako, wato mafi ƙarancin abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shata wa babba, tare da kwana biyu na aikin ƙarfafa tsoka. Mahaifina shanyewar ɓarin jiki ce ta kwantar da shi shekara huɗu kafin Allah ya karɓi abinsa, don haka maganar likita ta zauna mini a zuciya. A makon na biya kuɗin wata a wani gidan motsa jiki da ke kan hanyata ta komawa gida, irin wanda samari ke kira sal.

Abin da zan saka kuwa ban ɗauke shi da muhimmanci ba. Na tsaya wani shago da safe kafin in wuce aiki, na nuna wani farin baskat, wato takalmin wasanni, mai ƙyalli da tambarin wani babban kamfani a gefensa, na ce a ba ni lamba 43, lambar da nake sawa a takalmin fata tun ina saurayi. Ina zaune na gwada, ƙafa ɗaya, ba safa. Na ji ya ɗan matse ni ta gaba, mai shagon ya ce: "Alhaji, sabo ne, kwana biyu zai buɗe." Na biya jika 15 na sefa na tafi.

Takalmin fata shi ke buɗewa ya bi siffar ƙafa. Na roba da zaren leda yadda ka saye shi haka zai zauna. Kafin mako ya zagayo bororo ya fito mini a dunduniyar dama, farcen babban yatsana na hagu ya fara baƙi saboda duk takun da na yi a kan injin gudu sai ya daki gaban takalmin. A mako na uku tafin ya ɓamɓaro daga gaba, na kai wa mai gyara ya ɗinke, ɗinkin kuma ya zama wani sabon abin da ke cin yatsa. Ina ɗingishi na fara cewa a raina wannan harka ta yara ce, ba tawa ba. Na tabbata mutane da yawa a daidai nan suke barin motsa jiki, su ɗora laifin a kan shekaru ko a kan gwiwa, alhali abin da ke ƙafarsu ne ya kore su. Shi ya sa nake wannan rubutu.

Mai horar da mu, wanda muke kira Koci, yaro ne da bai kai talatin ba, ya yi karatu a INJS, makarantar da ke horar da malaman wasanni a nan Yamai. Shi ya lura da tafiyata. Ya ce: "Tonton, don Allah cire takalmin nan in gani." Ya zaro shimfiɗar da ke ciki, ya ajiye a ƙasa, ya ce in taka ta in miƙe tsaye. Yatsuna suka kai har bakin shimfiɗar, ƙaramin ma ya zubo ta gefe. Ya ce: "Ka ga inda ciwon yake. Ƙafarka ta fi gidanta girma."

Ya kawo farar takarda da biro, ya sa na tsaya a kai da nauyina duka, ya zana kowace ƙafa, ya auna daga dunduniya zuwa yatsa mafi tsawo. Ta hagu santimita 27, ta dama ta gaza da kaɗan. Ya ce da babbar ake sayen takalmi, sannan a ƙara kusan santimita ɗaya, saboda ƙafa tana zamewa gaba in ana gudu, tana kuma kumbura in jini ya hau ta. Ke nan 28 nake nema, wanda a yawancin baskat ya faɗa kan 44. Ya buɗe harshen takalminsa ya nuna mini ɗan ƙyallen da ke ciki: lambar Turai, ta Ingila, ta Amurka, sai ta santimita. Ya ce in fi dogara da ta santimita, don sauran suna ɗan bambanta daga kamfani zuwa kamfani, kuma tsakanin lamba da lamba a ƙidayar Turai kashi biyu cikin uku ne kawai na santimita. Tazarar ba ta da yawa a ido, amma ita ce ta ci mini farce. Ya ƙara da cewa in je sayayya da yamma, lokacin da ƙafa ta wuni tana aiki ta cika, in tafi da safar da zan riƙa sawa.

Ranar Asabar bayan La'asar na ninke takardar nan na sa a aljihu, muka nufi kasuwar Katako da ɗan yayata, wajen masu kayan bosho, wato gwanjo. Zan faɗi ra'ayina a fili: wanda ke da hali ya sayi sabo na asali, ya fi. Sai dai a aljihun ma'aikaci irina zaɓin da ke gabana biyu ne, sabon jabu ko na asali da wani ya taɓa sawa, kuma na riga na ɗanɗana na farko. Kayan ma sun ƙara tsada tun da aka rufe iyaka da Benin a 2023, dila ta koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso kafin ta iso.

Sayen baskat a bosho aiki ne na hannu da ido, ba a yin sa cikin gaggawa. Duk wanda na ɗauka sai in kama gaba da baya in murɗa kamar mai matse wanki. Wanda ya murɗe duka kamar tsumma na ajiye shi. Sai in lanƙwasa shi: ya kamata ya karye a inda yatsu ke lanƙwasawa, ba a tsakiyar tafin ƙafa ba. In danna bayan dunduniya da yatsa in ji ko yana da ƙwari. Gwajin da ya fi burge ni shi ne na ajiye takalmin a kan benci in tsuguna in dube shi ta baya. Da yawa sun yi kyau ta sama, an wanke su an goge, amma sai ka ga sun karkata gefe guda, saboda mai su na farko ya cinye ɓangare ɗaya da irin takunsa. In ka saya, takun wani ka saya, gwiwarka kuma ita za ta biya. Na kuma riƙa duba farin soson da ke tsakanin tafi da ƙafa, wanda shi ke shanye dukan ƙasa. In ya yi tamoji da yawa kamar fatar tsoho, ya mutu, ko da saman na sheƙi. Masana harkar gudu suna ƙiyasta cewa takalmin gudu yana ƙare aikinsa tsakanin kilomita 500 zuwa 800, kuma na bosho ba ya zuwa da takardar nisan da ya riga ya yi. Tamojin soso da cinyewar tafi su ne shaidarka.

Wani abu da ɗan yayata ya ankarar da ni: a duba lambar ƙafa biyun. Mun samu wani mai kyau ƙwarai, na dama 44, na hagu 43, kala ɗaya, an ɗaure igiyoyinsu tare.

Mun kusa awa biyu. A ƙarshe na samu wani ruwan toka mai saman raga, ba wani kyau gare shi ba, tafinsa bai ci ba sai kaɗan. Na sa duka biyun da safa, na ɗaure, na yi tafiya har ƙarshen layin rumfunan na dawo, na yi tsalle, na tsuguna. Yatsuna suna motsi a ciki, dunduniya ba ta fita. Mai kayan ya ce jika 14, muka daidaita a 9. A gida na cire shimfiɗar da igiyar, na wanke komai da ruwa da sabulu, na shanya a inuwa inda iska ke bi. Ranar Yamai tana narkar da gam ta ƙeƙasar da soso, don haka ko yanzu ban taɓa barin sa a tsakar gida ko a cikin mota ba. A bayan shimfiɗar na rubuta ranar da na fara sa shi.

Bororo ya warke, farce ya fita wani ya tsiro. Na ɗauka maganar takalmi ta ƙare, sai ga shi a wata na biyu Koci ya fara sa ni tsuguno da sandar ƙarfe a kafaɗa. Nauyin bai taka kara ya karya ba, kilo 30 ne duka, amma ina sauka sai in ji ƙafata tana rawa, gwiwoyina suna neman haɗuwa. Ya ce: "Tonton, ka taɓa ɗaukar buhun gero kana tsaye a kan katifa?" Soson da ke ceton gwiwa a wajen gudu shi ke hana ƙafa samun ƙasa a wajen ɗaga ƙarfe. Ga shi kuma takalmin gudu bayansa ya fi gabansa tudu, yana tura mutum gaba. Masu gasar ɗaga nauyi suna da nasu takalmi mai dunduniya mai tauri kamar katako, tudunta kusan santimita biyu, amma ya ce irina ba ya buƙatarsa. Abin da zan nema shi ne mai shimfiɗaɗɗen tafi na roba mai ƙwari, irin Converse ɗin nan na zane da ɗalibai ke sawa. Na koma Katako na samo irinsa jika 4. Ranar farko da na tsuguna da shi na ji yatsuna sun kama ƙasa, bayana ya miƙe da kansa. Tun daga nan jakata takalmi biyu take ɗauka, kuma sauyawa ba ta cin minti ɗaya.

Akwai samari da ke ɗaga ƙarfe da silifa. Ina yi musu magana duk da ba ƴaƴana ba ne. Ƙasan sal gumi ne da ƙura, silifa kuma ba ta riƙe dunduniya, zamewa ɗaya da ƙarfe a wuya ta isa.

Maganar riga zafi ne ya koya mini ita. Watan Afrilu ya shigo, awon zafi ya haura 42, wuta tana ɗaukewa fankoki su tsaya, ɗakin ya zama kamar tanda. Rigunan auduga nake sawa, don tun muna yara muka san auduga ita ce kayan zafi. Gaskiya ne ga mai zama a inuwa da babbar riga iska na ratsa shi. Ga mai zubar da gumi kuwa auduga tana shan ruwa ta riƙe, ta yi nauyi, ta manne a baya. Gumi ba ya sanyaya jiki sai ya bushe ya tashi, rigar da ta jiƙe sharkaf kuma ta hana shi tashi. Ƙurajen zafi suka feso mini a ƙirji da ƙarƙashin hammata. Na koma wa rigunan poliyesta marasa nauyi, waɗanda zarensu ba ya shan ruwa, sai ya baza gumin a saman yadi iska ta kwashe. Su ma ba duka ba ne. Rigar ƙwallo mai araha da ake zubawa a bakin titi, mai ƙaton rubutun roba a gaba da lamba a baya, leda ce kawai aka yi wa hannu. Yadda nake gwadawa yanzu: in ɗaga rigar ta fuskar haske in ga ƙananan ramuka, in kara ta a baki in hura in ji iska ta fita ta bayan yadin, sannan in juya ta in shafa ɗinkin ciki, don ɗinki mai kaushi shi ke sale hammata. Uku na saya, masu haske, masu ɗan yalwa.

Aibin poliyesta wari ne, kuma ba zargi ba ne: masu bincike a jami'ar Gent ta Beljiyam sun gwada rigunan masu motsa jiki a 2014, suka samu na poliyesta sun fi na auduga ɗoyi washegari, saboda wasu ƙwayoyin cuta masu haddasa wari sun fi yaɗuwa a kansa. Maganinsa kada rigar ta kwana a jaka. Ina shiga gida nake jiƙa ta in wanke da kaina, a juye, in shanya, kafin in gama cin tuwo ta bushe. Ba na sa mata ruwan ƙamshin nan mai laushin tufafi, don yana toshe zaren, ba a kuma kai ta wajen mai guga.

Wando ya fi ba ni wahala, saboda a nan ba zafi kaɗai nake dubawa ba. Gajerun wandunan wasanni da ke kasuwa yawancinsu a tsakiyar cinya suke tsayawa, ni kuma ba zan buɗe abin da ke tsakanin cibiya da gwiwa a gaban mutane ba, balle a ɗakin da ake kwanciya a benci ana ɗaga ƙafa. Jogin, wato dogon wandon wasanni, mai kauri da na fara da shi kuwa na hunturu ne, ya dafa ni, cinyoyina suka sale saboda gogayya har tafiya ta gagare ni kwana biyu. Abin da ya raba gardama shi ne wando mara nauyi da ya sauka ƙasan gwiwa, mai ɗan zaren roba a cikin yadinsa yadda zai miƙe in na tsuguna, da wani matsattse a ciki wanda ke raba cinya da cinya. Kafin in biya sai da na tsuguna har ƙasa a cikin rumfar, na sa ɗan yayata ya duba ta baya ko yadin yana nuna jiki ko ƙugun yana zamewa. Ba abin kunya ba ne, gara a gani a rumfa. Na fi son mai mazagi a kan mai roba kaɗai, da aljihu mai zif saboda makullin babur.

Da yake ina fitowa gab da Magariba, jakar tana ɗauke da jallabiya da tawul da sabulu. Gumi ba najasa ba ne, amma ban ga dacewar in shiga sahu in takura wa na kusa da ni ba. Alwala ma ta koya mini wani abu. Nakan yi ta La'asar a ofis in zura safa a kan jiƙaƙƙiyar ƙafa in wuce sal, har tsakanin yatsuna ya fara fari yana ƙaiƙayi yana tsagewa. Mai kantin magani ya ba ni man shafawa, ya ce naman gwari ne, danshi da ɗumi yake so. Yanzu sai na tsane tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya kafin in sa safa, kuma safa ba ta maimaita kwana. Na bar masu kaurin auduga na koma masu gaurayen zare da suka ɗan haura idon sawu. Mai ciwon sukari ya fi kowa buƙatar kula da wannan, don ƙaramin bororo a ƙafarsa yana iya zama gyambo bai ji ba.

Akwai abu ɗaya da nake roƙon duk mai karanta wannan ya bari, ya kuma hana nasa. Rigar ledar nan ta ruwan sama da wasu ke zugewa har wuya, wani ma ya naɗa leda a ciki, wai don kitse ya narke. Za ka gan su da yamma suna zagaya filin wasa na Seyni Kountché a tsakiyar bazara. Abin da ke zuba ruwa ne da gishiri. Lita ɗaya ta gumi kilo ɗaya ce a sikeli, kana shan ruwa ta dawo, kitsen yana nan inda yake. Abin da ledar ke yi shi ne hana jiki sanyaya kansa. A gabana wani magidanci sa'ana ya sauko daga keken motsa jiki ya yanke jiki ya faɗi, da muka zuge rigar ruwa ya kwararo kamar an juye buta. Allah ya sa ya farfaɗo bayan an kwantar da shi an yayyafa masa ruwa an yi masa fifita. Mai hawan jini irina, wanda wataƙila ma yana shan maganin da ke sa fitsari, wannan riga tana iya kai shi kabari.

Bayan Sallar Layya uwargida ta ce ita ma za ta fara zuwa lokacin da aka keɓe wa mata da safe. Ta ce: "Malam, ni fa ba zan sa kayan nan masu manne jiki ba." Na ce ba wanda ya ce dole. Ranar farko da dogon hijabinta ta je, ta dawo ta ce bakinsa ya kusa shiga fedar keke, ga zafi. Kamfanin Nike ya fitar da hijabin wasanni tun 2017, ta nuna wa telarta hotonsa a waya, aka ɗinka mata biyu da yadi mai miƙewa mara nauyi, ana zura shi ta kai, ba allura ba fil, ya rufe wuya da ƙirji ya tsaya. Aka haɗa mata da riga mai dogon hannu har gwiwa, mai tsaga a gefe, da wando mai yalwa da aka tsuke a idon sawu. Ta ce mini abin da ya fi komai sauya mata aikin shi ne rigar mama ta wasanni mai faɗin maɗauri, wadda ke riƙe jiki in ana tsalle, kuma ita ce kaɗai ta ƙi saye a bosho. Takalminta ni na zana mata ƙafa a takarda kamar yadda aka yi mini. Ita ma lambar da ta saba sawa ta gaza da ɗaya.

Da hunturu ya shigo, safiyar Lahadi nakan bar sal in bi bakin kogi har gadar Kennedy in dawo. Nan ne jogin ɗin da ya dafa ni a Afrilu ya samu aikinsa, da ƴar riga mai zif a sama wadda nake cirewa in ɗaura a ƙugu in jiki ya ɗau zafi. In na dawo sai na kakkaɓe jan yashin da ya shiga tafin da tsohon burushi kafin Litinin, don yashi yana cin bel ɗin injin gudu, masu gidan ma ba sa so. Sauran ranaku da silifa nake hawa babur, takalman suna cikin jaka.

Awon da aka yi mini na ƙarshe 13 bisa 8 ne, tare da maganin da likita ya ɗora ni a kai, kuma kilo bakwai sun sauka. Jiya na zaro shimfiɗar ruwan tokan nan na duba ranar da na rubuta, na lissafa kusan kilomita 12 a mako, na ga ya haura 500 a ƙafata kaɗai, ban da abin da mai shi na farko ya yi. Na ɗora shi a kan tebur na duba ta baya, na hagun ya fara kwantawa waje. Takardar da Koci ya zana mini tana nan cikin aljihun jaka, ta yi laushi saboda ninki. Asabar mai zuwa bayan La'asar za mu koma Katako, wannan karon da maƙwabcina, wanda likita ya faɗa wa irin maganar da ya faɗa mini.